Ido, Wa Ka Raina?

Ɗan ƙanwata shekararsa goma sha biyu, bai taɓa wuce Ƙonni ba, amma ya san sunan mutumin da ya zana Dragon Ball. Akira Toriyama, in ji shi, har da gyara mini lafazi. Ya san mutumin ya rasu a watan Maris na 2024, don ranar da labarin ya iso shi da abokansa sun yi jugum a ƙofar lakwal kamar an yi rashi a unguwa. Da daddare in wuta ta ɗauke, za ka same su su huɗu ko biyar sun haɗa kai a kan waya guda a bakin shagon mai caji, hasken Japan yana wasa a fuskokinsu.

Rannan na tambaye shi ko ya san Mustafa Alasan. Ya ɗan yi tunani, ya ce, "Kawu, wane aji yake?"

Na fara dariya, sai ta maƙale mini a wuya. Yaro bai san shi ba don ba a gaya masa ba. Ni kuwa na yi shekaru a garin nan na Tawa lokacin da mutumin yake da rai, ina wucewa ta gaban otal ɗinsa a kan babur. Abin da na sani game da shi bai fi biyu ba: mai otal ne, kuma wai yana wasa da ƴan tsana a ɗaki. In hira ta biyo ta kansa a fada, wani ya ce ai tsohon nan ya taɓa yin silima a da, sai mu ce "to, Allah ya kyauta", a zuba shayi na biyu. Ban taɓa tsayawa na yi sallama ba. Sai da ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015, na ji wani gidan rediyon waje yana jero ayyukansa, sannan na san ko wane ne na yi ta wucewa.

Sunan wannan hali raini, kuma Bahaushe ya daɗe da gano inda yake kwana: ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Mutane kan haɗa shi da hassada, alhali ba uwarsu ɗaya ba. Mai hassada ya ga abinka, ya auna, ya san yana da nauyi, shi ya sa ya kasa barci. Mai raini ko awon bai yi ba. Barcinsa yake sha har da minshari, don a ganinsa tun da ya san ƙofar gidanka da irin takalmin da kake sawa, ya gama saninka. "Ai na san shi." "Ba wane ba ne?" Da waɗannan kalmomi ake rufe mutum da ransa, kuma mai faɗarsu ba ya jin ya yi laifi, gani yake ma wayewa ce. An ce hassada ga mai rabo taki ce. Ban taɓa jin an faɗi haka a kan raini ba. Shi fari ne, kuma mu mutanen Adar mun san abin da fari ke yi wa shuka.

Ga wanda muka raina. An haifi Mustafa Alasan a 1942, ba a Tawa ba, zuwa ya yi ya zauna da mu. Kanikanci ya koya. Tun yana yaro yake yanka siffofi yana haska su da fitila, inuwarsu tana motsi, yara suna taruwa kallo. A Yamai hannunsa na zane ya haɗa shi da Jean Rouch, Bafaranshen nan mai ɗaukar fim, daga nan hanya ta buɗe masa zuwa Kanada, inda ya zauna da Norman McLaren, gwanin zane mai motsi. A 1962 ya fitar da Aouré, wato aure, shekara guda kafin Usman Sembene na Senegal ya fitar da Borom Sarret da ake yawan farawa da shi in ana ba da tarihin silimar Afirka. La Mort de Gandji, zane mai motsi, ya ci kyauta a bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966. Ya yi F.V.V.A. a 1972, labarin ƙaramin ma'aikaci da neman mace da mota da gida da kuɗi ya kai shi kaso. Ya yi Toula daga labarin Bubu Hama, ya yi Samba le grand da ƴan tsana a 1977. Ya shekara goma sha biyar yana riƙe da sashen silima na jami'ar Yamai. Ya ɗauki mai tatsuniyar nan Albarka Cibau a fim, ya kuma yi wani mai suna Les Magiciens de l'Ader, da sunan ƙasarmu a goshinsa.

Kwaɗi ne mutanensa. A Bon voyage Sim na 1966, shugaban jamhuriyar kwaɗi ne zai tafi ziyarar aiki wata ƙasa. Fim ɗin bai fi minti biyar ba, baƙi da fari, zanen ma kamar na gefen littafin ɗan makaranta. Amma dubi yadda sojojin kwaɗi ke fareti, dubi ƙasaitar da ake yi a filin jirgi, dubi kumburin shugaban. Shekara shida kacal da samun ƴancin kai, lokacin da kowa ke tafa wa masu mulki, wani kanike ya zauna da alƙalami ya nuna musu kamanninsu a bakin tabki. Duk wanda ya taɓa tsayuwa a rana tun hantsi yana jiran wani babba da aka ce zai iso da ƙarfe tara, ya san fim ɗin nan bai tsufa ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne Le Retour d'un aventurier, shi ma na 1966. Wani saurayi, Jimi, ya dawo ƙauye daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi: malafa, takalma, bindigogi. Ya raba wa abokansa, kowa ya yar da sunan da aka raɗa masa ya ɗauki na fim, wannan Black Cooper, wancan Casse-Tout, ƴar wasa Zalika Sule ta zama Reine Christine. Suka hau dawaki suka addabi gari, dattawa suka rasa yadda za su yi da ƴaƴan da suka haifa, daga baya rikicin ya koma tsakaninsu. Mu Adarawa mun fi kowa sanin wannan akwati. Shi ne wanda ɗan bida ke dawowa da shi daga Abijan ko Libiya, a kewaye shi ana shafawa tun ba a buɗe ba. Duk abin da ya fito daga cikinsa yana da daraja, ko da irinsa na nan jibge a kasuwar Lahadi. Mutumin ya zana mana cutarmu tun kafin a haifi yawancinmu, mu kuma muka gwada ta a kansa. Sai da Faransa ta rataya masa lambar girma a bikin Cannes na 2007, sai da babban gidan adana fasahar zamani na New York ya shirya nuna finafinansa a 2017, bayan ƙasa ta rufe masa ido, sannan irina suka fara cewa "ai ɗan garinmu ne". Ko yabon namu ma sai da ya biyo ta cikin akwati.

Da na tsaya na yi lissafin aikin da nake kira wasa, kunya ta ƙara kama ni. Fim yana cin hoto 24 a kowace daƙiƙa. Minti biyar hoto 7,200 ke nan. Ko da mai zane ya yi dabarar ɗaukar kowane zane sau biyu, sai ya tanadi dubbai. In da ƴan tsana ne, sai ka ɗaga hannun kwaɗo kamar faɗin ƙwayar gero, ka ɗauka, ka ƙara ɗagawa, ka ɗauka. In gwiwarka ta bugi teburi, ko fitila ta gusa, aikin yini ya tashi. Yanzu ka sa wannan a Tawa, cikin watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ko cikin hunturu da ƙura ke shiga har cikin tukunya a rufe. A ɗakunan otal ɗin nan da nake wucewa ya kafa wurin aikinsa, kuma da kwamfuta ta zo, yana dattijo ya zauna ya koye ta ya ci gaba da zane. Muna yaba haƙurin manomin Keita da ke jera duwatsu a kan fako don ya tare ruwa. Haƙurin iri ɗaya ne, sai dai wannan mun ga gero a ƙarshensa, wancan kuwa kwaɗo muka gani.

Na san abin da za a ce, don ni ma na faɗa wa kaina. A lokacin finafinan suna kan faifan da ba kowa ke da na'urarsa ba, sunayensu da Faransanci, gidajen silima sun rufe ɗaya bayan ɗaya. Ƙasar da ta ga yunwar 1973 da ta 1984 da ta 2005 tana da abin da ya fi kwaɗi damunta. Akwai kuma masu ƙyamar sura da mutum-mutumi saboda addini, kuma wanda ya kauce don wannan dalili da zuciya ɗaya ba da shi nake ba. Duk wannan gaskiya ne, amma bai wanke ni ba. A shekarun nan dai ban rasa kuɗin shiga gidan bidiyo kallon Indiya ba, ban rasa na sayen kasetin Kano ba, kuma ban ji tsoron Allah ya hana ni kallon zanen Turawa a tele ba. Abin da ya hana ni tsayar da babur bai wuce cewa mutumin yana kusa ba, kuma aikinsa ya yi kama da na yara. Raini biyu ke nan a haɗe, na ɗan gida da na sana'a. Dattijo mai furfura yana ɗinka wa kwaɗo wando? Mun fi gane mutum in ya tara shanu ko ya gina bene.

Su ma Japanawan da yaranmu ke bauta wa sun bi ta nan. A 1955 ƙungiyoyin iyaye a can sun tashi haiƙan a kan littattafan zane, suna cewa suna lalata yara, har ƙona su aka yi. Osamu Tezuka, wanda ya karanta likitanci ya ajiye ya kama zane, bai tsira daga wannan suka ba. Amma a watan Janairu na 1963 zanensa Astro Boy ya hau talabijin, shekara biyu kafin Alasan ya gama Gandji, wato kusan tare suka shiga zane mai motsi. Tezuka ya rasu a 1989, a 1994 garin Takarazuka inda ya girma ya buɗe gida guda don ajiye aikinsa. Bambancin kuɗi tsakaninmu da su ba ya misaltuwa, ban musa ba. Sai dai kafin kuɗi akwai wani abu mai arha da ya gabata: wani uba ya ga ɗansa yana zane bai fizge takardar ba, wani malami ya faɗi sunan mai zanen a aji. Yamai ta sa wa babbar cibiyar al'adu sunan Umaru Ganda, wanda ya ci babbar kyautar bikin silima na FESPACO a 1972, kuma ya cancanta. Faɗin suna a aji kuwa ko dala ba ya ci.

Abin da raini ke ci ya wuce wanda aka raina. Shi Alasan ya yi aikinsa ya tafi, kuma ga dukkan alamu bai jira tafinmu ba. Asarar tana kan yaron da ke bakin shagon mai caji, wanda ya tashi da imanin cewa irin wannan abu sai a Tokyo, alhali an yi shi a garin da yake tallan ƙanƙara.

Na nemo Kokoa a waya na miƙa masa. Fim ne na ƴan tsana: fili ya cika, makaɗa na kiɗa, kwaɗi sun yi ɗamara sun shiga kokowa, har da hawainiya a cikin ƴan wasa. Yaron da aka haifa a garin da aka fara gasar kokowar takobi ta ƙasa a 1975 ba ya bukatar a fassara masa komai. Ya gane kirarin, ya gane taƙamar da ɗan kokowa ke yi kafin a kama, ya gane yadda ƴan kallo ke zabura in an yi kaye. Da farko ya ce motsin bai kai na Goku na Dragon Ball sauri ba. Can sai na ga ya mai da shi baya ya sake kallon wata faɗuwa, ya sake, yana tsayar da hoton da yatsa.

"Kawu, da hannu ya yi su?"

"Da hannu."

"A nan?"

Na ce a nan garin ya zauna, na kwatanta masa wurin. Ya ce ai ya san wurin, suna bi ta nan in za su ƙwallo.

Bayan kwana uku uwarsa ta aiko a kira ni, wai in zo in yi masa faɗa, ya ɓata littafinsa na lissafi. Na karɓa na duba. A kusurwar kowace takarda ya zana kwaɗo da bik, ƙanƙane kamar ƙwayar wake. Kafin in san abin da nake yi na ji bakina ya ce, "Kai, wannan wace irin shiririta ce?" Da muryar fadarmu ta da na faɗe ta, ko gyara babu.

Bai ce komai ba. Ya karɓi littafin, ya lanƙwasa kusurwar da babban yatsa ya saki. Kwaɗon ya durƙusa, ya yi tsalle, ya kama ƙafar wani, sai takarda ta ƙare.

"Hamsin ne kawai," in ji shi. "Bai kai ga kayar da shi ba. Kawu, sai ka sayo mini mai shafi ɗari biyu."