Mun Bar Hujja, Mun Koma Zagi

Saurayi zai kalli wani guntun bidiyo a waya, ya zo Facebook ya jefa tambaya: idan komai yana da mahalicci, to wa ya halicci Allah? Ya ƙara da cewa hankali ba ya ɗaukar abin da ba shi da farko. Kafin ƙiftawa da bisimilla an yi masa caa. Wannan ya ce kafiri, wancan ya ce ɗan wuta, wani ya haɗa har da iyayensa. Amsa kuwa babu. Yaro ya tafi yana ganin ya kayar da su, tunda ba wanda ya taɓa hujjarsa.

Wannan abin kunya ne a ƙasar da ake karanta Ummul Barahin a zaure tun kaka da kakanni. Littafin Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, 'yan shafuka ne kawai, amma da hukuncin hankali yake buɗewa: wajibi, mustahili, ja'izi. Malam na kan buzunsa yana jan baƙi kalma-kalma yana fassarawa, ɗalibi na bi da yatsa. Da an iso siffar ƙidamu, wato rashin farko ga Allah, nan ake kwance wannan ƙulli. Da Allah fararre ne, da ya buƙaci mai farar da shi, shi ma wancan ya buƙaci nasa, a yi ta komawa baya ba ƙarshe, ko a zagayo inda aka tashi. Duka biyun mustahili ne. Idan kowa a layi rance yake jira daga na bayansa, kuma ba mai kuɗin kansa ko ɗaya, ba wanda zai taɓa riƙe kwabo. Ga duniya kuwa muna gani.

Malaman nan sun bambanta abin da hankali ya kasa surantawa da abin da ya yanke cewa ba zai yiwu ba. Yaron ya cakuɗa biyun, masu zaginsa kuma ba su ma san akwai bambanci ba.

Magabata ba su ji tsoron muhawara ba. Gazali sai da ya karanta maganar masana falsafa ya tsara ta daidai kafin ya yi musu raddi. Magili, wanda ya zo Kano zamanin Rumfa, ya kare ilmin mandiƙi, ya mayar wa Suyuɗi da ke hana shi martani. Shehu Usmanu ya tsawata wa masu kafirta talakawa don ba su iya kawo dalilan tauhidi ba. Yau mai kafirtawar ne bai san dalilin ba.

Malaman Islamiyya, ku dawo da wannan karatu aji, da hujjarsa, ba haddar siffofi kaɗai ba. Iyaye kuma, ranar da ɗanku ya kawo muku irin wannan tambaya, kada ku ɗaga hannu. Ku zaunar da shi, ko ku kai shi wurin wanda ya sani.