Abin da Almakashi Ya Ci

A hutun damina da ya wuce, mu huɗu muka yi dare uku a zauren gidanmu a Madarunfa muna kallon The Lord of the Rings a kwamfutar wani abokina, muna lallaɓa batir don wuta tana zuwa tana tafiya. Fim ne mai kashi uku da Peter Jackson ya ɗauka a ƙasar Niyu Zilan, suka fito a 2001, 2002 da 2003. Tushensa littafin J.R.R. Tolkien ne, wanda shi ma masanin harshe ne, har harsuna ya ƙirƙira wa mutanen labarinsa. Gaskiya wannan ne ya fara jawo ni.

A dare na biyu gardama ta ɓarke. Ɗaya daga cikinmu ya taɓa ganin fim ɗin a Yamai, sai ya riƙa tsayar da shi yana cewa, "Wallahi wannan wurin babu shi!" Ashe fim ɗin zubi biyu ne. Akwai wanda aka nuna a gidajen sinima, kashi ukun duka awa tara da ƴan mintoci. Akwai kuma dogon zubi da ya biyo baya a faifan DVD, mai ƙarin kusan awa biyu, shi ne mai tura fina-finai a kasuwar Maraɗi ya zuba mana. Tambayar da ta hana mu barci ita ce, wanne ne labarin gaskiya? Ni da farko na ce ai ba ta da wuya, dogon ne, tunda ba a yanke masa kome ba. Yanzu na janye wannan magana.

Mu ɗauki Faramir. A gajeren zubi, ya kama Frodo mai ɗauke da zoben, ya gane abin da ke hannunsa, ya ce sai ya kai wa babansa Denethor, mai riƙon mulkin Gondor. Daga baya ya sake shi, amma mai kallo ya riga ya sa shi a sahun masu kwaɗayi. Dogon zubi ya ƙara fage guda a birnin Osgiliath: uban ya zo yana yabon babban ɗansa Boromir, yana muzanta ƙanen a gaban mayaƙa, sannan ya tura Boromir ya samo masa zoben. Mintoci kaɗan ne, amma bayan su Faramir ya zama wani mutum daban. Ba mulki yake nema ba, so yake ubansa ya dube shi sau ɗaya ya ce madalla. Duk wanda ya tashi a gidan da ake fifita wani ɗa ya san wannan ciwo, kuma a zauren nan namu akwai wanda ya yi shiru a daidai wurin. Aikin Faramir bai canza ba ko kaɗan, hukuncinmu a kansa ne ya canza.

Da a nan aka tsaya da sai in ce dogon labari adalci ne, gajere zalunci. To amma ga Aragorn, gwarzon da kowa ke so. A dogon zubi na kashi na uku, maƙiyi ya aiko ɗan aike bakin ƙofa don a yi magana. Ɗan aiken ya yi izgili, ya nuna rigar sulken Frodo don su ɗauka an kashe shi. Aragorn ya matso a kan doki ya fille masa kai. Ɗan aike fa! A al'adarmu ko sarkin da ya fi kowa zafin rai ya san ba a taɓa manzo. A sinima ba a nuna wannan ba, kuma a littafin Tolkien ɗan aiken da ransa ya koma. Ke nan tsawon da ya wanke Faramir shi ya shafa wa Aragorn baƙi, kuma da abin da marubucin bai rubuta ba. Jackson da kansa ya ce zubin sinima shi ne tsayayye, dogon don masoya aka yi shi. Dogon ma zaɓe ne, wani ne ya zauna da almakashi ya ce wannan ya shiga, wannan ya fita.

Mu nan bai kamata abin ya zame mana baƙo ba. A wasu littattafan tarihi, labarin sarautar Haɓe ta Katsina yana ƙarewa a 1807, lokacin da masu jihadi suka ci birnin. An rufe labule. Amma mu a cikin ci gaban labarin muke zaune: waɗanda aka kora sun yo arewa, Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819, kuma har gobe Sarkin Katsina ake kiran mai sarautar Maraɗi. Dogon zubin namu ne, muna alfahari da shi. Sai dai in za a ba da shi duka, dole a haɗa da hare-haren da mayaƙan Maraɗi suka riƙa kaiwa kudu suna kamo mutane, kuma wannan fagen ba kasafai maroƙa ke tsayawa a kansa ba. Haka Bayajida. Yara sun san ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu ya auri sarauniyar Daura. Ba kowa ke faɗa musu ya baro matarsa da ciki a Garun Gabas ya yi gaba ba.

Abin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai shi ne wani ɗan'uwana. Ya bar jami'a a shekara ta biyu ya tafi Aljeriya. Gajeren zubin da ke yawo a gari: yaro ya raina karatu, ya bi kuɗi. Duk inda na ji haka sai in kawo dogon: gero bai yi ba shekarar, mahaifinsa yana kwance, kuɗin tallafin ɗalibai ya makara, shi ne babba. Ina jin kaina mai adalci, mai dawo da fagen da aka yanke. Rannan ƙanwarsa ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Yaya, mi ya sa ba ka cewa akuyoyina biyu ya saida ya yi kuɗin mota, ba da sanina ba?" Na sani sarai. Ni na cire shi, don yana ɓata mini labarin da nake son bayarwa.

A darasin nazarin zance ana koya mana cewa ba mai iya faɗin kome da kome, duk magana tsame wani abu ce daga cikin abubuwa. Saboda haka ban ga laifi a yanka kansa ba. Wanda ya ce zai ba ka labari ba yanke, ko dai bai san ya yanke ba, ko yana so kai kada ka sani. Inda nake ganin alhaki ya rataya shi ne wa aka yanke. In an cire tafiyar doki a daji, lokaci kawai aka rage. In an cire dalilin Faramir, ko akuyoyin yarinyar nan, an cire mutum ne daga shari'ar da ta shafe shi. Kuma na lura almakashina yakan ci wanda ba ya zaune a wurin da ake hirar.

Wanda ya ga gajeren zubi a Yamai har yanzu yana nan kan bakansa, wai dogon yana da ja, kuma ya fi son Aragorn ɗinsa mai tsabtar hannu. Ɗan'uwan nawa ya kira daga Tamanrasat kwanan baya, ya ce ya turo kuɗin akuya ɗaya. Ƙanwar ta karɓa, ta ce a gaya masa saura ɗaya, kuma waccan tana da ciki lokacin da ya sayar.