Raɓar Safiya a Hamadar Namib



A ƙasar Namibiya, a gaɓar Tekun Atlantika, akwai wata shimfiɗar rairayi wadda faɗinta ya haura kadada miliyan 3, hukumar UNESCO kuma ta sa ta cikin wuraren gādo na duniya a shekarar 2013. Waɗansu tuddanta sun wuce mita 300 a tsayi. Kogin Orange ne ke kai yashin cikin teku, igiyar ruwa ta tura shi arewa, iska kuma ta kwashe shi zuwa tudu. Ga teku kusa, amma ruwan sama sai a shekara ba a ga na kirki ba.

Duk da haka akwai masu rai a wurin. Sanyin ruwan tekun yakan haifar da hazo mai laima, wanda ke shiga cikin hamadar kafin gari ya waye. A sa'an nan wani ɗan baƙin ƙwaro yakan hau ƙolin tudu, ya sunkuyar da kansa ƙasa, ya ɗaga bayansa yana fuskantar iska. Laimar takan taru a jikinsa ɗigo ɗigo, ta gangaro zuwa bakinsa. Da rana ta ɗaga, hazon ya watse. Wanda bai hau ba ya rasa rabonsa.

Littafin Fitowa sura 16 ya nuna mana cewa haka Allah ya ciyar da Isra'ilawa a jeji. Manna takan sauko tare da raɓa, kowa ya tattara na yini guda, abin da aka ɓoye don gobe ya yi tsutsa, wanda aka bari a ƙasa rana ta narkar da shi.

Abin da ke damunmu ke nan. Da yawa cikinmu muna jiran ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muna bin masu alkawarin mu'ujizai daga wannan taro zuwa wancan, har da kuɗin makarantar 'ya'yanmu, alhali kuwa kujerun Misar safe suna nan babu kowa, addu'ar iyali kuma ta mutu a gidaje da dama. Ba mu musun cewa Allah yana aikata al'ajibai. Amma a cikin wannan lokaci na Azumi muna roƙon kowane maigida da uwargida su tashe 'ya'yansu da asuba, su durƙusa tare su yi Addu'ar Ubangiji kafin a hura wuta. Wanda gidansa ke kusa da majami'a kuwa, ya zo Misa ko da sau ɗaya ne a tsakiyar mako.