Wane Ne Malami?

A shekarar 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Ladi Kwali, maginiyar tukwane, digirin girmamawa na dakta, alhali kuwa ba ta yi karatun boko ba. Abin tambaya a nan shi ne: idan gwani irinta ya sauka a makaranta ya zauna, wa ya kamata ya durƙusa wa wani? Littafi kan bayyana siffar tukunya, amma laushin yumɓu sai tafin hannu ke gane shi. Saboda haka karrama gwani da riga da hula bai wadatar ba. Haƙƙinsa ne a ba shi ɗalibai, wajibinsu ne su gaje shi. Ladi ta rasu a 1984; duk abin da ba a koya daga hannunta ba ya bi ta kushewa.