GARIN NEMAN GIRA KADA A RASA IDO: NASIHA A KAN TIYATAR ZUƘE KITSE

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam Ya kyautata surarsa, Ya ba shi jiki amana a hannunsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa shi ne wata baiwar Allah, dattijuwa, da ta tare ni bayan karatun La'asar a nan Nima, hankalinta a tashe. An sa ranar auren 'yarta, yarinyar kuma ta kwashi adashinta ta ɓoye, ashe so take ta kai wa wani mai asibiti da ta gani a waya, wai zai zuƙe mata kitsen ciki kafin biki. Uwar ta ce da ni: "Malam, wannan abu halal ne ko haram? In ma halal ne, wanda aka yi wa yana tashi?" Tambayoyi biyu ke nan, kuma duka biyun na addini ne, domin kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Na san ba gida ɗaya ba ne wannan magana ta shiga a zangunanmu na Ankara da Kumasi, sai dai ana yin ta a ɓoye. To, gara mu yi ta a fili.

MENE NE ZUƘE KITSE?

Malamai sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san shi. Saboda haka bari mu fara da sanin abin.

Likita yana ɗan tsaga fata, ya ɗura wani ruwa a ƙarƙashinta wanda ya haɗa ruwan gishiri da maganin kashe zafi da maganin da ke matse jijiyoyin jini don rage zubarsa. Sa'an nan ya zura siririn bututun ƙarfe, yana kai shi yana komowa yana farfasa kitsen, inji kuma yana zuƙowa. Wani likita Bafaranshe mai suna Illouz shi ne ya yaɗa wannan hanya daga ƙarshen shekarun 1970, shi kuwa ɗura ruwan nan wani likitan fata na Amurka, Jeffrey Klein, ya bayyana shi a 1987. Da sunan kwalliya ake tallarsa, amma ku sani tiyata ce sosai, da jini da allurar barci da jinya.

Abu na farko da masu talla ba sa faɗa: wannan aiki ba maganin ƙiba ba ne. Kitsen da ke ƙarƙashin fata kaɗai bututun yake kaiwa. Wanda ke can cikin ciki yana kewaye da hanji da hanta, wanda shi ne ya fi alaƙa da ciwon sukari da ciwon zuciya, ba a taɓa shi. A 2004 wasu likitocin Amurka sun auna matan da aka cire wa kitse mai yawa ta wannan hanya, suka tarar sukarin jininsu da hawan jininsu ba su gyaru ba. Kuma wanda ya koma cin da ya saba ba tare da motsa jiki ba, kitsen zai sake taruwa, wani lokaci a wani wurin dabam.

Abu na biyu shi ne haɗarinsa. Jini yana iya daskarewa a jijiyar ƙafa, gudan ya taso ya toshe huhu. Kitsen kansa yana iya shiga jijiya ya yi wannan ɓarna. Maganin kashe zafin in ya wuce ƙima yana taɓa zuciya da ƙwaƙwalwa. Ciwo yana iya ruɓewa. Bututun yana iya zarcewa ya huda hanji. Haɗarin yana ƙaruwa gwargwadon yawan abin da aka zuƙe, shi ya sa likitocin wannan fanni suke ɗaukar abin da ya haura lita 5 a matsayin babban aiki, wanda ba a sallamar mai shi sai ya kwana ana lura da shi. Mafi muni shi ne wanda 'yan mata suka fi so yanzu, wato a zuƙo kitsen a mayar da shi cikin mazaunai don su ƙara girma. A wurin akwai manyan jijiyoyin jini, in kitse ya shiga ɗaya daga cikinsu, mutum yana iya cikawa tun bai sauka daga gadon tiyata ba.

Kada wani ya ce talaka ne kawai ke faɗawa hannun mugun likita. A ranar 23 ga Oktoba, 2005, Stella Obasanjo, matar shugaban Nijeriya na wancan lokaci, ta rasu a ƙasar Sifen bayan an yi mata wannan aiki a wani asibitin kuɗi a yankin Marbella, saura makonni kaɗan ta cika shekara 60. A 2009 kotun ƙasar ta sami likitan da laifin sakaci, domin bututun ya huda mata hanji. In matar shugaban ƙasa, da kuɗinta da masu tsaronta, a Turai, abin ya rutsa da ita, ina ga 'yarmu da za ta shiga wani ɗaki a bayan gari ba wanda ya sani?

HUKUNCIN SHARI'A

Allah (S.W.T.) Ya shaida mana a Suratut Tin cewa Ya halicci mutum a mafi kyawun tsari. A Suratun Nisa'i kuma, aya ta 119, Ya ba mu labarin alwashin da Shaiɗan ya sha cewa zai umurci 'yan Adam su canja halittar Allah. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud (R.A.) la'antar masu yin zane a fata da masu goge haƙora su yi wushirya don neman kyau, an kuma ambaci dalilin, wato canja halitta.

Amma Musulunci bai hana gyaran abin da ya lalace ba. Sahabi Arfajatu ɗan As'ad (R.A.) an sare masa hanci a wani yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Manzon Allah (S.A.W.) ya umurce shi ya sa na zinariya, duk da cewa zinariya haramun ce ga maza. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito wannan. Daga nan malamai suka raba tiyatar gyaran jiki gida biyu. Akwai wadda ake yi don kawar da cuta ko aibi, kamar ɗinke leɓen jariri da aka haifa a tsage, ko gyara fatar wanda wuta ta ƙona, ko mayar wa mace nonon da aka yanke saboda ciwon daji. Wannan halal ce, kuma irinta ce ake yi kullum a sashen gyaran jiki da ƙuna na asibitin Korle Bu. Akwai kuma wadda ake yi wa lafiyayyen jiki don kawai a yi kama da wata 'yar fim ko a bi yayi. Wannan ita ce aka hana.

To, ina zuƙe kitse ya faɗa? Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Putrajaya ta ƙasar Maleshiya a Yulin 2007, ta yanke cewa ya halatta idan kitsen ya zama cuta, kuma babu wata hanya sai tiyata, kuma an amintu daga cutarwa. Sharuɗɗa uku ke nan, in ɗaya ya faɗi halascin ya faɗi. Akwai matan da kitse ke taruwa musu a cinyoyi da ƙafafu yana ciwo, ba ya jin rage ci. Akwai samarin da nono ke girma musu kamar na mata har su kasa shiga mutane. Irin waɗannan, in likita amintacce ya tabbatar, ƙofa a buɗe take gare su. Amma amaryar da lafiyarta lau, teɓa ce 'yar kaɗan take so ta ɓace saboda hoton biki, ba ta cika sharaɗi ko ɗaya ba. Ta tuna da gargaɗin Suratul Baƙara, aya ta 195, inda aka hana mu jefa kanmu cikin halaka.

GA WANDA LALURA TA SA DOLE

Wanda shari'a ta ba shi dama, wajibi ne ya ɗaure raƙuminsa kafin ya ce ya yi tawakkali. Ga abin da zai kiyaye:

1. Ya fara da likitan asibiti na yau da kullum, wanda ba shi da riba a cikin aikin. Shi zai faɗa masa ko yana buƙata, ya kuma tura shi inda ya dace.

2. Ya binciki likitan da zai yi aikin. A nan Gana, Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ita ke riƙe da rajistarsu, hukumar HeFRA kuma ita ke ba asibitoci lasisi. A tambaya ko ya ƙware a tiyatar gyaran jiki, domin farar riga da yawan mabiya a Instagram ba shaida ba ne. Annabi (S.A.W.) ya ɗora alhakin ɓarna a kan wanda ya yi likitanci alhali ba a san shi da ilminsa ba, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito.

3. Ya tambaya: wa zai sa ni barci, kuma ƙwararre ne? Akwai jini a ajiye? In abu ya ɓaci da tsakar dare, wa ke nan, kuma ina za a kai ni? Likitan da ya fusata saboda tambaya, ko ya ce babu haɗari ko kaɗan, ko ya ce a biya yau don an yi ragi, a bar masa wurinsa. Araha ba ta ado.

4. Ya faɗi gaskiya game da lafiyarsa: ciwon sukari, hawan jini, asma, sikila, juna biyu, maganin hana ɗaukar ciki, asfirin da sauran masu tsinka jini, har da jiƙo da saiwoyin da muke sha a gida. Ɓoye ɗaya daga cikin waɗannan cin amanar kai ne. In fatarsa mai yin tabo ne mai tsiro, wanda ya yawaita a cikinmu baƙar fata, ya faɗa.

5. Mai shan sigari ko shisha ya daina aƙalla mako 4 kafin aiki, domin hayaƙi yana hana ciwo warkewa. In ya daina har abada ya ci riba biyu. Ya kuma kiyaye umurnin barin ci da sha kafin allurar barci, kada ya ce ɗan koko ne kawai.

6. Kada a yi a ɓoye. Iyaye ko miji su sani, a sami wanda zai raka ya kuma yi jinya. A nemi likita mace ga mace in akwai, in babu a kiyaye kaɗaita, kada a buɗe al'aura sai gwargwadon buƙata. A hana su ɗaukar hoton tsiraici don talla.

7. Masu tafiya Turkiyya ko wata ƙasa saboda sauƙin kuɗi su sani doguwar tafiyar jirgi jim kaɗan bayan tiyata tana ƙara haɗarin daskarewar jini, kuma in ciwo ya tashi bayan an dawo, likitan yana can wata duniya.

8. Bayan aiki akwai rigar matsi ta makonni, kumburi kuma yana ɗaukar watanni kafin ya saɓe duka. In aka ji numfashi yana sarƙewa, ko ciwon ƙirji, ko zazzaɓi, ko ciwon ciki mai tsanani, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, a garzaya asibiti a take. Ba a jiran gari ya waye.

Kafin duk wannan, a yi istihara, a biya bashi, a nemi gafarar iyaye. Kuma kada a ci bashin ruwa don gyaran jiki, a haɗa wa kai zunubi biyu.

KALMA GA SAMARI DA IYAYE

Ya ku 'yan'uwana maza, kada mu karanta wannan muna nuna mata da yatsa. Yarinyar nan ba haka kawai ta wayi gari ta tsani jikinta ba. Da na bincika, ashe angon ne yake yi mata ba'a da cikinta a gaban abokansa, ƙawaye kuma suna tura mata hotuna. Suratul Hujurat, aya ta 11, ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi. Wanda ya yi ta kiran matarsa da sunan buhu bayan ta haifa masa 'ya'ya uku, har ta kai kanta ga wuƙa, in ta mutu me zai ce wa Allah? Ku runtse ido daga hotunan da kuke kallo a waya, waɗanda yawancinsu ma na'ura ce ta gyara su, sa'an nan za ku ga kyan matanku.

Ku kuma 'yan'uwana mata, Muslim ya ruwaito cewa Allah zukata da ayyuka Yake dubawa, ba surar jiki ko dukiya ba. Wadda ƙiba ta dame ta, hanyar Sunna tana nan: kashi ɗaya cikin uku na ciki don abinci, ɗaya don ruwa, ɗaya don numfashi. A rage mai da sukari da tuwon tsakar dare, a riƙa sauka daga tiroto kafin a kai gida a ƙarasa da ƙafa, a riƙi azumin Litinin da Alhamis don Allah, lafiya ta biyo baya.

Ita dai waccan dattijuwa na ce mata ta zauna da 'yarta ba da faɗa ba, ta kai ta wurin likita ta ji da kunnenta, a kuma kira angon a yi masa magana. Ina roƙon kowane reshe na ƙungiyarmu ya gayyato likita ko ma'aikaciyar jinya daga cikin 'ya'yan zango, a yi zama da 'yan mata a kan wannan batu kafin lokacin bukukuwa ya zo.

Allah Ya ba mu wadatar zuci da abin da Ya halitta mana. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya haɗa su da likitoci masu tsoronSa. Allah Ya tsare matasan zango daga ruɗin zamani, Ya sa mu cika da imani. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, Allah Ya gafarta mini.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.