Shin Aikin Da Ba Ya Kawo Kuɗi Ɓata Lokaci Ne?

Kwanakin baya wata gardama ta kaure tsakanina da wani abokina a ɗakin kwanan ɗalibai. Abin da ya jawo ta kuwa shi ne labarin da muka ji cewa a Ingila da Amurka har yanzu akwai mutane masu albashi, da motoci, da kantuna a ƙofar gida, waɗanda idan sun taso daga aiki sai su ɗauko gashin tumaki su wanke, su taje, su zauna suna kaɗa zaren ulu da hannu. Wasu kuma su duƙufa a kan ɗan lambun bayan gida, wasu su taru mako-mako suna nazarin Littafi Mai Tsarki, wato Baibul, ba don wata jarrabawa ba. Abokina ya ce wannan ƙoshi ne kawai, domin zaren kanti ya fi arha, tumatirin kasuwa kuma ya fi sauƙi. Ni kuwa na ƙi yarda, amma a daren nan ban sami hujjar da zan kafa ba. Shi ya sa na kawo maganar gaban masu karatu, ko ma taru mu duba ta.

Da farko dai kada mu ɗauka kaɗi baƙon abu ne. Gaskiya ne tumakinmu, irin su uda da balami, ba su da ulu, amma muna da auduga. Kakanninmu mata sukan gurje ta su fid da angurya, su shiɓe ta, sa'an nan su ɗauko mazari da taskira, su shafa alli a yatsu, su yi ta murzawa har dare ya raba. Da wannan zare ne masaƙa suka yi tufafin da Baturen nan Barth ya tarar a Kano cikin 1851, ya kuma bayyana yadda fatake ke kai su har Tambutu da Tarabulus. To amma inji ya zo. Wajen 1764 wani mutumin Ingila, James Hargreaves, ya ƙera na'urar da mutum ɗaya zai kaɗa zare takwas a lokaci guda, daga nan kuwa abin sai gaba. Mu ma cikin 1957 aka buɗe masaƙa ta farko a Kaduna. Tun daga lokacin da inji ya shigo, hannu ya daina iya gasa da shi ta fuskar farashi. Saboda haka idan kuɗi ne kaɗai ma'auni, abokina ya yi gaskiya, sai mu naɗe tabarma.

Tambayar ita ce, shin kuɗi ne kaɗai abin da aiki yake haifarwa? A ganina kowane aiki abu biyu yake sarrafawa: abin da ke hannun ma'aikaci, da kuma shi ma'aikacin kansa. Mai kaɗi tana yin zare, amma kaɗin ma yana yin wani abu a kanta. Idan ta ja da ƙarfi zaren ya tsinke, idan ta yi sako-sako ya yi kauri ya zama abawa alhali siriri take so. Babu yadda za ta lallashi mazari ko ta ba shi toshiyar baki. Haka mai lambu. Ko ya fi kowa digiri, irin da ya shuka yau ba zai tsiro yau ba, idan kuma ya yi kwana uku bai yi ban ruwa ba a tsakiyar bazara, ganyen alayyafo zai faɗa masa gaskiyar da abokansa ke jin nauyin faɗa masa. Mai nazarin littafin addininsa shi ma haka, yakan maimaita aya ɗaya shekara da shekaru, yana auna halinsa da ita, ba wanda zai ba shi maki. Wato a cikin ayyukan nan mutum yana koyon haƙuri da gaskiya daga malamin da ba a iya yaudara. Mu da muka saba haddace darasi daren jarrabawa, mu manta da shi kashegari, ya kamata mu tsaya mu yi tunani a nan.

Haɗa aikin hannu da karatun ibada ba sabon tunani ba ne. A ƙarni na 6 wani malamin Kirista a Italiya, Benedict, ya tsara wa mabiyansa na Monte Cassino yadda za su raba yininsu: sa'o'i na addu'a, sa'o'i na aikin hannu, sa'o'i na karatun Littafi Mai Tsarki. A cikin littafin kansa, sura ta 31 ta Karin Magana ta lissafa kaɗin ulu a cikin halayen macen kirki. Hausawa Kirista suna karanta wannan da harshensu tun 1932, lokacin da aka buga cikakkiyar fassarar da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi wa hidima. Mu kuma mun san malaman zaure da ke ɗinkin hula suna biya wa almajirai karatu, da gardawan da ke noma da damina su koma allo da rani. A Indiya, Mahatma Gandhi ya riƙa kaɗa zaren auduga kullum, ya kuma nemi masu ilmin boko su yi haka, domin su san wahalar talaka, su kuma rage dogaro da yadin Ingila.

Wani zai kawo misalin Gregor Mendel, limamin Kirista wanda ya shafe daga 1856 zuwa 1863 yana shuka wani irin wake a lambun gidan ibadarsu da ke Brno, har ya gano ƙa'idojin gadon halitta, aka buga sakamakon cikin 1866, duniya ba ta kula ba sai 1900, bayan mutuwarsa. Labari ne mai daɗi, amma ba zan jingina da shi ba. Idan muka ce lambu yana da daraja ne domin wata rana zai iya haifar da babban ilmi, to mun koma kan ma'aunin abokina ta bayan gida, mun kuma zubar da dubban masu lambun da ba su gano kome ba sai kwandon kuɓewa da kwanciyar rai.

Duk da haka akwai magana mai nauyi a bakin abokina, ba kuwa zan ɓoye ta ba. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kakata ba don sha'awa ta yi kaɗi ba. Da kuɗin zaren nan ta tara wa 'ya'yanta kayan ɗaki, ta yi ta yi har idonta ya raunana a gaban fitilar aci-bal-bal. Rashin kunya ne wanda cikinsa ke cike ya zauna yana yabon wahalar da bai taɓa ɗanɗana ba. Abin da ya raba kaɗin kakata da na ma'aikaciyar ofis a Ingila shi ne zaɓi: ɗaya tana iya ajiye mazari duk sa'ad da ta ga dama, ɗaya kuwa ba ta iyawa. Bugu da ƙari, aikin sha'awa yana iya zama mafakar mai gudun nauyi. Magidancin da ya bar iyalinsa ba cefane yana can yana gyaran furanni, ko mai nazarin da ya haddace surori amma maƙwabcinsa ke kwana da yunwa bai sani ba, ba su ci ribar kome ba.

Ashe ke nan ba za a yanke hukunci a kan aikin shi kaɗai ba, sai an dubi mai yinsa. Ma'aunin da nake ba da shawara tambayoyi biyu ne. Na farko, shin wannan aiki ya danne haƙƙin wani? Na biyu, wane irin mutum yake mayar da kai bayan shekara goma? Idan bai tauye kowa ba, kuma ka tashi daga gare shi ka fi haƙuri, ka fi ganin girman manomi da masaƙi, to lokacin nan bai ɓaci ba ko da bai kawo sisin kwabo ba.

'Yan'uwana ɗalibai, yawancinmu ofis muke hanƙoro, inda sai mutum ya shekara yana tura takarda daga tebur zuwa tebur bai ga abin da hannunsa ya ƙaga ba. Za mu sami awoyin da ba na kowa ba ne sai namu, kuma abin da muka yi da su shi zai nuna ko mu su wane ne. An ce da zaman banza gara aikin kishiya, balle aikin da kai ka zaɓa da kanka. Abokina har yanzu bai sallama ba, amma ya yarda zai riƙa tayani ban ruwan barkonon da na dasa a tsohon bokiti bayan ɗakinmu. Wanda yake da wata hujja a kan wannan batu, ga fili nan a fitowa ta gaba. Allah Ya sa mu dace.