Sabon Hali a Cikin Jini: Laifin Wa?

Ya ɗan'uwa mai karatu, ka san shibra da take tsirowa cikin hatsi, wadda ƙwayarta takan zube tun ba a yi girbi ba. Kakan geronmu ciyawar daji ce mai irin wannan hali. Fiye da shekara 4,000 da suka wuce, a ƙasar da ake kira Mali yanzu, manoma suka riƙa ware zangarniyar da ta riƙe ƙwayarta, suna ajiye ta iri. Sannu a hankali ciyawa ta zama abincin da yake cika rumbu.

Amma manomi zaɓe kawai ya yi. Daga ina sabon halin ya fito? Kowane mai rai yana ɗauke da gādo a jikinsa, kamar rubutun da ake kwafa daga iyaye zuwa 'ya'ya. Wani lokaci harafi ɗaya yakan sāke wajen kwafar. In sākewar ta taimaki mai ita ya rayu ya haihu, sai ta yaɗu. A 1859 Charles Darwin, mutumin Ingila, ya bayyana cewa a daji fari da yunwa da cuta su ne masu zaɓe, ƙananan sākewa kuwa sukan taru cikin dogon zamani su zama babba.

Haka sikila ta samu, wato amosanin jini. A 1954 wani masani, Anthony Allison, ya nuna a gabashin Afirka cewa yaron da ya gāji wannan jini daga gefe ɗaya ya fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro. Wanda ya gāda daga uwa da uba duka, shi ne yake shan ciwon. Abin da ya zama garkuwa ga wani ya zama kaya mai nauyi ga ɗan'uwansa.

To, laifin wa ke nan? A Yohanna sura 9 almajirai sun nemi mai laifi a kan wanda aka haifa makaho, Yesu kuwa bai ɗora wa mutumin ko iyayensa ba. Kada fa ka zargi matarka, gama rabin gādon daga wurinka yake. Ba maita ba ce, ba kuwa la'ana ba. Ka kai yaron asibiti, ka kwantar da shi cikin gidan sauro, ka ba shi ruwa isasshe. Ku samari da 'yan mata, ku gwada jini kafin aure.